Kwalin Tunsele

Laraba, 24 ga Agusta, bakwai na safe

Yau aka buɗe zaɓen wuri. Daga yanzu har ranar sha ɗaya ga Satumba duk mai gaggawa zai iya zuwa ya jefa ƙuri'arsa ya huta. Gunvor, shugabarmu, ta ce in riƙa rubuta abin da muke yi kullum, wai saboda 'yan baya. Waɗanne 'yan baya? Mu bakwai ne a Jam'iyyar Ƙauyuka, in an cire ni mai shekara sha tara, ƙaramin cikinsu shekararsa sittin da uku. Amma na sayi littafin, ga shi ina rubutawa.

Bari in fara da abin da ya kawo ni, don in tuna ranar da na gaji. Majalisar gundumar Tallfors tana so ta rufe gidan tsofaffi na Tunsele kafin sabuwar shekara, ta kwaso su ta zuba a sabon ginin bayan asibiti, kilomita hamsin da biyu daga can. Kakana Sixten yana ɗaki na huɗu a gidan nan. Ta tagarsa yana hango tafkin da ya ƙare rayuwarsa yana kamun kifi a ciki, da maƙabartar da matarsa Elsa take kwance. Masu son rufewa da masu ƙi kunnen doki suke a majalisa. In muka samu kujera ɗaya tak, Gunvor ta zauna a kai, gidan ya tsira.

Kujera ɗaya kuwa tana cin ƙuri'a wajen ɗari da arba'in. Evert, tsohon mai raba wasiƙu da ya san kowace ƙofa a gundumar nan, ya ƙirga waɗanda suka yi mana alkawari sau uku. Kullum ɗari da talatin da 'yan kai yake samu.

Alhamis, 25 ga Agusta, biyar na yamma

Bukkarmu a dandalin kasuwa abin dariya ce. Kowace jam'iyya ta kafa tata ta katako kamar yadda aka saba, amma tamu ɗakin wasan jikokin Gunvor ne aka ɗauko a tirela aka shafa masa koren fenti. Evert sai ya sunkuya yake shiga. Muna da fulas biyu na kofi da burodin kirfa da Gunvor ke gasawa. Daura da mu 'yan babbar bukka ne, masu mulkin gunduma, da injin kofinsu da balan-balan da riguna iri ɗaya. Mutane su ci burodinmu, su tsallaka su sha kofinsu.

Mutum goma sha biyu suka tsaya wurinmu yau. Huɗu banɗaki suke nema.

Shugaban majalisa, Torbjörn Ek, ya tsallako ya leƙa ciki ya ce, "Gunvor, har yanzu ba a yaye ki daga ɗakin wasa ba?"

Ita kuwa shekara talatin ta yi tana tuƙa motar 'yan makaranta, babu wanda ba ta san asirinsa ba. Ta ce, "Ni dai na tuna yaron da ya riƙa amai a kujerar baya. Ɗauki burodi ka wuce."

Ya ɗauka kuwa, har biyu. Na tsani dariyar mutumin nan.

Juma'a, 26 ga Agusta, takwas na yamma

An raba kwalayen takardun ƙuri'armu. Manyan jam'iyyu ba su san wannan wahalar ba, su hukuma ce ke jera musu takardun ƙuri'arsu a kowace rumfar zaɓe. Mu ƙanana sai mun ɗauki namu da hannunmu mun kai duk inda za a jefa ƙuri'a. In ba ka kai ba, mai zaɓe ya shiga ya duba kanta, babu takardarka, kamar ba a taɓa haihuwarka ba.

Evert ya zana jerin wuraren a kwali ya manna a bangon bukka, duk inda aka kai sai ya ja layi da jan biro. Ni na nemi gidan tsofaffi da bakina. Su ba sa iya zuwa rumfarsu ta ranar zaɓe, tana makarantar mararraba, nisa gare su. Don haka ma'aikatan zaɓe ke zuwa musu sau ɗaya, ranar Talata mai zuwa, daga ƙarfe ɗaya zuwa uku.

Evert ya ce, "Tuva, ɗaya zuwa uku. Maimaita."

Na ce, "Haba Evert, ni ce mai sabon kai a nan fa."

Na sa kwalin a but ɗin tsohuwar motar Kaka, na rufe shi da rigar ruwansa.

Lahadi, 28 ga Agusta, shida na yamma

Na je wurin Kaka. Tunda Mama ta tafi aiki Norway ni kaɗai ke zuwa masa. Yana ganina ya fara ƙoƙarin miƙewa da sandarsa, wai, "Ranki ya daɗe, Minista ta iso! A share hanya!"

Ashe shi ma kamfe yake yi. Ya bi ɗaki ɗaki da kekensa na dogarawa, ya samo mana mutum goma sha ɗaya har da shi. Ya lissafa min su da yatsunsa. Har Britta ta ɗaki na tara, wadda ya yi shekara arba'in ba ya ga maciji da ita kan iyakar gona.

Na ce, "Me ka ba ta?"

Ya ce, "Na ce mata a Tallfors ɗaki ɗaya za a haɗa mu. Nan take ta yarda."

Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce ya gaya wa kowa jikarsa ce za ta kawo takardun da kanta, kuma sunanta yana jiki, na bakwai a ƙasa. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Goma sha ɗayan nan su ne za su haye da mu, in za mu haye.

Litinin, 29 ga Agusta, bakwai na yamma

Muhawara a dandali. Muryar Gunvor ta dishe, sai ta tura min abin magana ba shiri. Ban san me na ce ba. Na dai san na ce wanda ya ƙirga kuɗin dumama gidan bai ƙirga tagar ɗaki na huɗu ba. An yi tafi, har daga babbar bukka.

Ina naɗe wayoyi Torbjörn ya zo ya ce, "Yarinya, ɓata kanki kike yi a ɗakin wasan nan. Zo mu sha kofi a otal gobe da sha biyu, akwai maganar da nake so ki ji."

Ban ce to ba. Ban kuma ce a'a ba.

Talata, 30 ga Agusta, shida na yamma

Babu abin rubutawa yau.

Laraba, 31 ga Agusta, tara na safe

Evert ya tsaya gaban jerinsa da jan biro a hannu ya ce, "Tunsele?"

Na ce, "An kai."

Ya ja layin. Gunvor ta dafa kafaɗata ta miƙo min burodi mai zafi, na karɓa na ci.

Kwalin yana but, ƙarƙashin rigar ruwa, ko salatif ɗinsa ban cire ba.

Laraba, biyar na yamma

Kaka ya kira sau uku jiya, sau ɗaya yau. Ya bar saƙon murya biyu. Ban saurara ba. Na san abin da ke ciki.

Alhamis, 1 ga Satumba, takwas na safe

Na zauna na yi tunani da hankali. Abin da ya faru ya faru. Sun shiga ɗakin cin abinci, sun duba kanta, babu tamu, ma'aikata suna jira da agogo a hannu. Tsoho ba ya komawa ɗaki hannu rabbana bayan ya sa takalmi. Kowa ya ɗauki ta jam'iyyar da ubansa ya saba zaɓa ya jefa, an liƙe ambulan an tafi da su. Ƙuri'ar da ta shiga ta shiga.

To in na faɗa me za a gyara? Babu. Gunvor kawai zan karya wa gwiwa saura kwana goma. Gara in samo goma sha ɗaya a wani wurin.

Wai ma na ɗauka sai ƙarfe biyar suke tashi.

Juma'a, 2 ga Satumba, bakwai na yamma

Ƙofa sittin da huɗu na ƙwanƙwasa a unguwar masana'antar katako, ruwa yana dukana. Ashirin suka buɗe. Wani mai gajeren wando ya karanta takardarmu har ƙarshe, na fara murna, sai ya ce, "Duk kanwar ja ce, 'yammata. Ku ma in kun hau haka za ku yi." Wata ta ce ita uwarta ta riga ta rasu, me ya dame ta da gidan tsofaffi. Wani ya ce zai duba, kuma na san ma'anar zai duba.

Ɗaya na samu. Wataƙila ɗaya. Ita ma ina jin tausayin jiƙewata ta ji.

Saƙon Kaka ya zama uku.

Asabar, 3 ga Satumba, huɗu na yamma

Gunvor ta ce ta buga wa Kaka waya jiya. Na yi kamar ina goge fulas.

Ta ce, "Tsohon nan naki ba ya canzawa. Na tambaye shi yaya ta kaya ranar Talata, wai komai yana hannu, jikarsa ta san aikinta."

Rufa min asiri yake yi. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Mutumin da ya taɓa mayar da kifi cikin ruwa don ya gaza ƙa'ida da faɗin yatsa, yau shi ke ƙarya saboda ni.

Lahadi, 4 ga Satumba, uku na rana

Na kama hanyar Tunsele. Na sayi alewar da yake so. Na kai gadar da ake hango rufin gidan daga kanta, na tsaya a gefen titi kusan rabin awa, sannan na juya. Duk ramin da na faɗa ina jin kwalin yana motsi a baya.

Ban taɓa fashin Lahadi ba tunda aka kai shi can.

Litinin, 5 ga Satumba, tsakar rana

Torbjörn ya wuce ta gaban bukkarmu da 'yan jarida biyu. Na gaishe shi, ya dube ni kamar yana neman inda ya san fuskar. Sannan ya ce, "Au, mai jawabi! Yaya tsofaffinku?" Ya wuce bai jira amsa ba.

Tun ɗazu nake juya maganar nan. Gaisuwa ce kawai, ko kuwa ya sani? Shi ne shugaban majalisa, ranakun zaɓen wuri suna manne a ƙofar ofishinsa. Amma mutum kamarsa zai ɓata awa uku kan ƙuri'a goma sha ɗaya? Ban sani ba. Ba kuma zan taɓa sani ba, kuma ko na sani ba shi ya riƙe min ƙafa ba.

Talata, 6 ga Satumba, ɗaya na rana

Mako guda daidai.

Talata, bakwai na yamma

Zan rubuta sau ɗaya, ba zan ƙara ba.

Na ce minti ashirin zan yi a otal ɗin, in ji me zai ce don in ba Gunvor labari mu yi dariya. Hanyar Tunsele minti hamsin ce. Ya sa aka kawo kofi da kek. Ya ce jam'iyyarsu tana neman matashiya irina, akwai horo a Stockholm, akwai aikin sakatariya a majalisa, akwai zaɓe na gaba. Ya ce, "Ke ba ta ƙauye ba ce, kin san haka." Babu wanda ya taɓa tambayata ra'ayina kan komai sama da minti biyu, shi kuwa ya zauna yana rubuta abin da nake faɗa a bayan takardar abinci.

Akwai agogo a bangon, daidai saman kansa. Na ga sha biyu da rabi. Na ga ɗaya, na ce ai har uku suke. Na ga biyu saura kwata, na ce in na taka mota zan isa. Da na ga biyu da kwata sai na daina kallo, na karɓi kofi na uku.

Maganar ƙarfe biyar da na rubuta ƙarya ce. Na san uku ne. Evert ya sa na maimaita.

Laraba, 7 ga Satumba, shida na yamma

Ƙofa hamsin. Ba ko ɗaya. Saƙo biyar.

Alhamis, 8 ga Satumba, uku na rana

Gunvor ta kira mu gidanta cin miyar wake da fanke, tunda Alhamis ce. Na tafi da niyyar faɗa. Na ma shirya kalmomin a mota.

Evert ya baza takardunsa a tebur yana tsara ranar Lahadi. Yana ta kai wa marasa lafiya ambulan ɗin zaɓen aike a gidajensu, su jefa a gaban shaida, ya kai musu rumfa. Ya ce saura masa guda ashirin, kuma motarsa ba ta da aiki ranar zaɓe daga safe har rufewa.

Ya ce, "Tuva, a ɓangarenki akwai wanda ya rage? Ko wanda za a ɗauko?"

Na buɗe baki. Daidai nan Gunvor ta ajiye ludayi ta ce, "Ku saurara. Ko mun ci ko mun faɗi, ni wannan ne na ƙarshe, gwiwoyina sun gama. Nan da shekara huɗu sunan yarinyar nan ne zai hau sama. Na riga na gaya wa Sixten."

Suka buga cokula a tebur. Evert ya ce, "To, Shugaba, akwai ko babu?"

Na ce, "Babu."

Ina jin kunyar kaina har ba na son taɓa littafin nan.

Juma'a, 9 ga Satumba, takwas na safe

Mama ta kira daga Norway, wai Kaka ya ce mata aiki ya sha min kai, kada ta dame ni. Ta ce tana alfahari da ni. Kowa alfahari yake da ni.

Asabar, 10 ga Satumba, biyar na yamma

Ranar ƙarshe a dandali. 'Yan babbar bukka sun raba furanni. Mu burodi ya ƙare tun sha ɗaya, muka tsaya da fulas babu komai muna yi wa mutane murmushi. Evert ya ce da tsofaffin Tunsele lissafinsa ya kai ɗari da arba'in da uku. Har rawa ya taka, ya buga kansa a ƙofar bukka.

Ni na san lissafin gaskiya. Ɗari da talatin da biyu.

Na je wurin zuba takardu a bayan kanti da nufin in jefar da kwalin. Na buɗe but, na ga rigar ruwan Kaka, na rufe.

Saƙo shida.

Lahadi, 11 ga Satumba, ɗaya na rana

An tsayar da ni ƙofar makarantar gari ina miƙa wa masu shiga takardarmu. Kowa sai ya karɓi ta kowace jam'iyya don kada a gane inda ya dosa, saboda haka hannuna ya ƙare da wuri, kuma hakan ba ya nufin komai. Na jefa tawa da safe.

Wayar ta yi ta rawa a aljihuna tun ƙarfe goma. Na kashe ta.

Evert yana zaune cikin motarsa a tsallaken titi yana cin tuffa, ba shi da wanda zai ɗauko.

Litinin, 12 ga Satumba, goma na safe

Saura tara mu kai. Akwai ƙuri'un da suka makara a hanya, sai Laraba za a ƙirga su a zauren majalisa. Gunvor ta ce Laraba tana da nisa, komai na iya faruwa. Muka kwashe bukka muka ɗora a tirela.

Na kunna waya. Saƙo tara.

Talata, 13 ga Satumba, huɗu na yamma

Ban fita ba.

Laraba, 14 ga Satumba, uku na rana

Shida. Da shida muka gaza.

Mun zauna a kujerun baƙi muna kallon ana yanka ambulan ɗaya bayan ɗaya. Duk farar takarda irin tamu da ta fito sai Evert ya leƙa. Da aka karanta sakamako Gunvor ta tashi ta je ta ba Torbjörn hannu, ta dawo ta ɗauki jakarta. A matakala ne ta zauna, ta ce gwiwarta ce.

Evert bai zauna ba. Yana ta kaɗa takardar mazaɓar Tunsele yana cewa, "Goma sha ɗaya cif suka ɓace min, kuma na san ko su wane ne. Mu muna tsaye cikin ruwa saboda su, su kuwa suka ci burodinmu suka zaɓi masu korarsu. To su tafi Tallfors ɗin, su ga daɗinta!"

Gunvor ta ce, "Bari, Evert. Tsufa ne." Sannan ta juyo ta ce min, "Kada ki yi fushi da kakanki, kin ji? Ya yi iya ƙoƙarinsa."

Na ce zan je in ɗauko abu a mota.

Laraba, biyar na yamma

Ina cikin mota a gefen zauren majalisa. Saƙonnin Kaka sun zama goma. Na saurara duka. Zan rubuta su yadda ya faɗa, in ban rubuta ba zan ce ban ji daidai ba.

Na ranar Talatan: "Minista, ina kika shiga? Biyu ta wuce. Ma'aikatan nan sun ce mu rubuta sunan jam'iyya da hannu a takarda mara komai, wai duk ɗaya ne. Na ce a'a, jikata tana hanya da ta gaske mai sunanta. Na hana kowa taɓa komai. Ki yi a hankali a kwanar gada."

Na washegari: "Sun tafi, Tuva, amma ba komai. Babu wanda ya jefa, mu sha ɗaya muna nan da katinmu. Ma'aikaciyar ta ce ana iya yi ta aike. Ki karɓo ambulan wurin Evert, ki ce na wasu ne. Ba sai kowa ya ji ba."

Na uku: "Gunvor ta kira. Ban gaya mata ba, ba kuma zan gaya mata ba, wannan tsakaninmu ne. Na san dai wani abu ne ya tare ki."

Na huɗu da na biyar da na shida duk abu ɗaya ne. Akwai sauran lokaci. Britta tana tambaya. Ya ce mata ina zuwa. A na biyar ya ce ranar Lahadi ya ga wata mota kamar tasa a kan gada, amma idonsa ba ya da kyau yanzu.

Na ranar zaɓe, ƙarfe goma: "Mun yi wanka mun sa kaya, muna zaune a bakin ƙofa. Motar Evert tana cin mutum huɗu, sawu uku ke nan. Britta har da hula."

Ƙarfe uku: "Muna nan. An kawo mana kofi waje."

Takwas da 'yan mintuna: "An rufe ko? To. Mun koma ciki. Na ce musu ni na rikita ranakun tun farko, ke ba ki da laifi. Sun yarda, ai tsoho ne. Britta ta daina yi min magana, mun koma yadda muka saba. Kada ki ƙi cin abinci."

Na goma na ɗazu ne, ƙarfe uku da rabi. Ga abin da ya ce.

"Na ji a rediyo. Shida. To, haka ta kasance. Ki zo ranar Lahadi, Tuva, ba zan tambaye ki komai ba, ganinki kawai nake so. In kin samu kwali mai ƙwari ki taho min da shi, gara in fara haɗa kayana da kaina kafin su zo su haɗa min."

Laraba, shida na yamma

Gunvor da Evert suna can tsaye a bakin zaure har yanzu, ina hango su ta madubi. Zan je in same su. Sai dai na fara buɗe but, na ɗaga rigar ruwan, na yanke salatif ɗin da makullin mota. Takardu ɗari biyu, farare fat, sunan Gunvor a sama, nawa na bakwai a ƙasa. Na juye su a kujerar baya.

Kwalin mai ƙwari ne, ruwa bai taɓa shi ba. Zai ci hotunan Kaka Elsa da agogon bangonsa.